Rajistar Aji Bakwai

A Nkhotakota, bakin tafki,
inda iskar safiya ke ƙanshin kifi da hayaƙi,
ni ce mai kiran suna.
Shuɗin biro ga wanda ya amsa,
ja ga wanda bai zo ba.
Shekara uku ina zana jan da'ira,
ban taɓa tambayar ta abin da take faɗa ba.

Tiyamike, kwana huɗu, sai ta dawo.
Wata ya zagayo, kwana huɗu kuma.
Tamanda biyar, Mwandida uku.
Na ce zazzaɓi ne, na ce lalaci ne,
har na taɓa ɗaga tsumagiya.
Allah ya yafe wa wannan hannu.

Ranar da na gane, Laraba ce.
Aka kaɗa ƙararrawa, aji ya watse,
ita ta kafe a benci kamar ƙusa,
jaka a cinya, ido a ƙasa.
Na ce tashi.
Ta ce, Malama, bari kowa ya fita.
Sai na ga abin da take ɓoyewa:
ɗan tabo, bai kai tafin hannu ba,
launinsa ɗaya da biron da nake riƙe.

Na kwance zanena na sama na ɗaura mata.
A hanya ta ce soson katifa take yagowa,
in ya ƙare, takardun tsohon littafi,
littafin lissafin da ni na ba ta.
Audugar kanti kuɗin tuwon kwana biyu ce.
Wa zai sayi auduga ya bar ciki yana kuka?

Muka kira taro gindin mangwaro.
Maza suka tsura wa yatsun ƙafarsu ido,
mata suka rufe baki da gefen zane.
Shiru, sai ƙuda.
Can Agogo Nambewe, mai shanya kifi, ta dafa sanda ta miƙe:
"Ni ma a ɗaka na yi nawa kwanakin,
shi ya sa har yau da babban yatsa nake sa hannu.
Ya isa haka."
Ta dire kwanon busasshen usipa a gabanmu,
ta ce a sayar, a sayo yadi.

Daga nan fa sai hannuwa suka warware.
Wannan tsohon zane, waccan zare da maɓalli,
masunta suka yanke bokiti guda duk Asabar.
Bambo Kamanga, telan bakin kasuwa,
ya share gumi ya ce bai taɓa ɗinka irin wannan ba,
amma 'ya'yansa mata uku ne,
a zana masa a ƙasa ya gani.

Na farko suka yi yoyo.
Muka farke, muka sake.
Mwandida ce ta kawo dabarar yadin karyayyar lema,
muka bi gida gida muna roƙon lemar da iska ta kashe.
Da aka zo batun shanya, wasu suka ce ƙarƙashin gado,
Agogo ta ce abin da aka ɓoye wa rana ruɓewa yake.
Yanzu igiya ce bayan makaranta,
kala-kala suna kaɗawa a fili,
kuma Limbani, da ya fi kowa dariya a da,
shi ke cika randar wanki kafin a shiga aji.

Ba wai an gama ba.
Banɗakinmu har yau buhu ne a madadin ƙofa,
sabulu kan yanke kafin wata ya mutu.

Amma jiya na nemi mai warware lissafi,
Tiyamike ta ɗaga hannu.
Na san lissafin kwanakinta, ita ma ta sani.
Ta taka zuwa allo,
ta juya wa aji duka baya,
ta yi ta rubutu, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Da na buɗe jan biro zan ba ta maki,
sai da na hura masa, na goga a tafin hannu,
kafin ya tuna aikinsa.